Yadda Ake Haɗa Aikatau da 'Yar Rakiyarsa a Turanci

Dubi waɗannan jimloli shida na Hausa: na dogara da shi, na yarda da shi, an zarge shi da sata, yana fama da zazzaɓi, tana kula da yara, ya yi kama da babansa. Kalmar "da" guda ɗaya ce ta yi mana aikin duka. Amma da za ka faɗe su da Turanci, sai ka ce *I depend on him*, *I agree with him*, *he was accused of theft*, *he is suffering from fever*, *she looks after the children*, *he resembles his father*. "Da" ɗin nan ta rikiɗe ta zama *on*, *with*, *of*, *from*, *after*, a ta ƙarshe kuwa ta ɓace ɗungum. Wanda ya haddace tun firamare cewa "da" ita ce *with*, sau ɗaya zai dace a cikin shida.

Waɗannan ƙananan kalmomi su ne Turawa ke kira *preposition*. A nan za mu kira kowacce 'yar rakiya, domin aikinta ke nan, ta rako aikatau zuwa ga karɓau, wato mutum ko abin da aikin ya faɗa a kansa. Ba ma'anarta ce ke kawo ta ba, aikatau ne ke zaɓen wadda zai tafi da ita, kuma sau da yawa babu wani dalili sai dai haka masu harshen suka saba. Saboda haka hanyar koyo ba fassara ba ce.

Mataki na 1: Sauya yadda kake rubuta sabon aikatau

Yawancin ɗalibai kan buɗe littafi su rubuta *depend*, a gabansa su sa "dogara". Rabin kalma ke nan aka rubuta. Raba shafin gida uku. A gidan farko rubuta aikatau haɗe da 'yar rakiyarsa da gurbin abin da ke biyo baya, kamar *depend on somebody*. A na biyu sa ma'anar Hausa. A na uku ƙirƙiri jimlarka ta kanka a kan abin da ka sani, misali *The price of onions depends on the season*. Jimlar da ta shafi kasuwar garinku ta fi zama a kai fiye da wadda aka kwafo.

Biyar a rana sun isa. Karanta su da ƙarfi, domin kunne ne ke riƙe irin wannan abu, ba ido ba. Koma musu washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. A ranar bitar rufe gidan farko, dubi Hausar, ka faɗi Turancin cikakke. Idan ka tuna aikatau amma 'yar rakiyar ta kuɓuce, ɗauka ba ka tuna ba.

Mataki na 2: San inda Hausa ke ɗana maka tarko

Kurakuran Bahaushe a wannan fanni ba a warwatse suke ba, hanya uku suke bi.

Ta farko ita ce inda aikatau na Hausa ke cafke karɓau kai tsaye, na Turanci kuwa sai da 'yar rakiya. Muna cewa saurare ni, jira ni, nemi makullin, dube shi, amsa wasiƙata. Daga nan ne *listen me* da *wait me* da *reply my letter* suke fitowa. Daidai shi ne *listen to me*, *wait for me*, *look for the key*, *look at him*, *reply to my letter*. Haka *explain*: ba a cewa *explain me*, sai *explain it to me*. Shi ma *say* haka yake, *he said to me*, alhali ɗan'uwansa *tell* ba ya son rakiya, *he told me*. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci tarkon ninki biyu yake a wurinsu, domin a Faransancin ma saurare da jira da nema duk kai tsaye suke ɗaukar karɓau, kuma shi ne ke ingiza su su ce *depend of*.

Ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma ta fi yawa a bakin masu ilimi. Hausa na da ƙaramar kalma, Turanci ba ya so. Mun tattauna a kan batun, sai a ce *we discussed about the matter*. Ya shiga cikin ɗaki, sai a ce *he entered inside the room*. Daidai shi ne *we discussed the matter* da *he entered the room*. Aikatau irin su *discuss*, *enter*, *reach*, *resemble*, *marry*, *request*, *demand*, *emphasise*, *contact*, *lack*, *comprise* da *approach* duk so-karɓau ne, ba sa bukatar tsani.

Akwai wani dalili da ya sa wannan kuskure ya yi kaka-gida har cikin takardun ofis da jaridu. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi suna da siffar suna, kuma sunan yana ɗaukar 'yar rakiya. Ana cewa *a request for leave*, *a demand for petrol*, *emphasis on discipline*, *a lack of water*, *in contact with him*. Kunne ya saba jin *request for*, sai hannu ya rubuta *I hereby request for leave*. Gwajin ba wuya: idan kalmar na bayan *a*, *the* ko *my*, suna ce, bar mata 'yar rakiyarta. Idan tana bayan *I*, *we*, *they* ko *to*, aikatau ce, cire ta. *I request two days' leave*, amma *my request for two days' leave*.

Kalmar *comprise* sai an tsaya mata. *Nigeria comprises 36 states and the Federal Capital Territory* daidai ne, haka *consists of* da *is made up of*. Amma *comprises of* gamin gambiza ne na biyun. Shi kuma *marry*: *he married her*, *she is married to a teacher*. Idan ka ji an ce *she is married with three children*, ba yaran ta aura ba, ana nufin matar aure ce mai 'ya'ya uku.

Hanya ta uku ita ce wadda muka buɗe da ita: harsunan biyu duk suna da 'yar rakiya, amma kowa da tasa. Taya murna *congratulate somebody on* ne, ba *for* ba. Hana mutum haƙƙinsa *deprive him of* ne, ba *from* ba. Fifita abu *prefer* ne da *to*: *I prefer tea to coffee*, ba *than* ba, duk da cewa "fi" ta Hausa na jan mutum zuwa can. Jure wa wahala *cope with* ne kawai, *up* ɗin da ake cusawa a tsakiya baƙuwa ce. Zubar da shara *dispose of* ne, da *f* guda.

Mataki na 3: Aikatau ɗaya, 'yan rakiya da yawa

A Hausa jikin aikatau muke taɓawa idan za mu juya ma'ana: saya, sayo, sayar, saye. Bature yakan bar aikatau yadda yake, ya sauya 'yar rakiya. Wanda ya fahimci wannan ya rage wa kansa rabin aiki, domin zai daina tambayar wace ce daidai, ya koma tambayar me nake nufi.

Ɗauki *look*. *Look at* kallo ne, *look for* nema, *look after* kulawa ko reno, *look into* bincike, irin wanda ake kafa wa kwamiti. Uwar da ta ce *I am looking for the baby* hankalinta a tashe yake, yaro ya ɓata. Wadda ta ce *I am looking after the baby* reno take yi.

*Agree* kashi uku ne. Da mutum ko ra'ayinsa, *agree with*. Idan an kawo maka shawara ko sharaɗi ka amince, *agree to*: *the union agreed to the terms*. Idan ɓangarori biyu sun zauna sun tsayar da magana, *agree on*: *the buyer and the seller agreed on a price*, wato an yi ciniki an sallama.

*Arrive* ba ya tafiya da *to* ko kaɗan. Gari ko ƙasa *in*, takamaiman wuri *at*: *they arrived in Kano at night*, *they arrived at the motor park*. Idan gida ne babu komai, *they arrived home*. Shi kuma *reach* kai tsaye yake, *they reached Zaria*.

*Result* ya kan rikita mutane saboda kibiyarsa na iya kallon gaba ko baya. *Result in* ya haifar da, *result from* ya samo asali daga. *The flood resulted in a poor harvest*, amma *the poor harvest resulted from the flood*. *Result to* da ake yawan ji babu shi, ruɗani ne da *resort to*, wato komawa ga wata dabara bayan sauran sun ƙi.

*At* bayan wasu aikatau na ɗauke da ƙiyayya ko hari. *He threw the ball to me*, ya jefo mini ƙwallo in cafe. *He threw a stone at me*, ya jefe ni. *She shouted to him*, ta ƙwala masa kira don ya ji daga nesa. *She shouted at him*, ta daka masa tsawa. *Laugh with* dariya tare, *laugh at* yi wa mutum dariya. Harafi biyu ne tsakanin raha da rigima.

Ga wasu uku da ake haɗuwa da su kullum. *The police searched the car* na nufin motar na hannunsu, sun caje ta. *The police searched for the car* na nufin an sace ta, nema ake. *Pay* kuwa: mutum da takardar biyan kuɗi kai tsaye, kaya da *for*, wato *pay the mechanic*, *pay the bill*, amma *pay for the tyre*. Sai *hear*: *hear from* samun saƙo daga mutum, *hear about* jin labarin abin da ya faru, *hear of* sanin cewa akwai abu ko mutum. Wanda ya ce *I have never heard of him* cewa yake ko sunansa bai taɓa ji ba.

Gaisuwa ma ta shigo ciki. Ya tambayi lafiyarka, a Turancin Ingila *he asked after you* ne. *He asked of you* da muka saba, a nan gida kawai ake faɗarsa. *He asked for you* kuwa nemanka ya zo yi.

Mataki na 4: Idan mutum da abu sun haɗu a jimla ɗaya

Wasu aikatau kan ɗauki mutum kai tsaye, sannan 'yar rakiya ta kawo abin. Haddace su a matsayin ƙira guda: *accuse somebody of*, *charge somebody with*, *thank somebody for*, *remind somebody of*, *prevent somebody from*, *provide somebody with*. Lura da na farko da na biyu. Ma'anarsu kusan ɗaya, zargi da tuhuma, amma kowanne da tasa: *he was accused of theft*, *he was charged with theft*.

Wasu kuma 'yan rakiya biyu suke ja, ɗaya ta mutum ko wuri, ɗaya ta abu. *Apologise to the chairman for the delay*. *Complain to the landlord about the roof*. *Apply to Bayero University for admission*. A irin waɗannan *to* na nuna wanda aka fuskanta.

Juya jimla na juya 'yar rakiya. *They blamed the driver for the accident*, amma *they blamed the accident on the driver*. *The school provided the pupils with books*, amma *provided books for the pupils*.

Aro da sata su ne suka fi kayar da mu. A Hausa na ari littafi, ya ara mini littafi, tushe ɗaya ne. Turanci ya raba: *borrow from* karɓar aro, *lend to* bayar da aro. *Borrow me your pen* ba ya tsayuwa, sai *lend me your pen* ko *may I borrow your pen*. Haka sata: abu ake *steal*, mutum ko wuri ake *rob*. *They stole his phone from him*, *they robbed him of his phone*.

Mataki na 5: Aikatau da ya biyo 'yar rakiya sai ya ɗauki *-ing*

Wannan ce doka guda a fannin da kusan ba ta da togaciya. *She insisted on paying*, *he succeeded in passing*, *they apologised for coming late*, *the rain prevented us from travelling*.

Inda gizo ke saƙar shi ne *to*, domin *to* biyu ne a Turanci. Akwai wadda ke gaban tushen aikatau, kamar *I want to go*, akwai kuma 'yar rakiya. Ga yadda za ka rarrabe: sa *it* a bayanta ka saurara. *I look forward to it* ya zauna daram, ke nan 'yar rakiya ce, sai *-ing*. *I want to it* ba magana ba ce, ke nan ɗayar ce. Da wannan gwaji za ka rufe wasiƙarka daidai: *I look forward to hearing from you*, ba *to hear* ba. Haka *object to paying*, *confess to stealing*, *be used to waking early*. Kada a haɗa na ƙarshen nan da *I used to wake early*, wanda ke nufin da can nakan yi, yanzu na daina. Abin da kake yi kullum a yanzu *I usually wake early* ne.

Mataki na 6: Rarrabe 'yar rakiya da jela

Wasu ƙananan kalmomi da ke bin aikatau ba rakiyar karɓau suke yi ba, jela ce manne da aikatau da ke ba shi sabuwar ma'ana. Su ne ake kira *phrasal verbs*: *turn off* kashe, *put off* ɗage, *call off* soke, *give up* haƙura da abu, *look up* duba a ƙamus. A ido kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai suke da na baya, amma halinsu ya bambanta, kuma wakilin suna ne ke tona asirin.

Maye gurbin karɓau da *it* ko *them*. Idan 'yar rakiya ce, wakilin sunan na bayanta: *look at it*, *wait for them*. Idan jela ce, dole ya shiga tsakiya: *look it up*, *turn it off*, *call it off*. Da cikakken suna kuwa jela na da zaɓi, *turn off the generator* ko *turn the generator off*, alhali ba mai cewa *look the picture at*. Gwaji na biyu, bayanau na iya shiga tsakanin aikatau da 'yar rakiya, *listen carefully to the teacher*, amma *turn quickly off the light* ba ya yiwuwa. Na uku a furuci yake: jela ake dannawa da murya, 'yar rakiya kuwa a sassauce take fita.

Jela ba ta tsayawa ita kaɗai a gurbin aikatau, don haka *off the light* ba jimla ba ce a rubutu. Ba a kuma yar da ita: ɗauko mutum a tasha *pick him up* ne, *pick him* zaɓensa aka yi. Mai jawabi da ya ce *let me round up* yana nufin *round off*, domin *round up* tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi.

Akwai masu ƙafa uku, jela da 'yar rakiya a tare: *put up with* haƙuri da, *run out of* ƙarewar abu, *catch up with* cim ma, *look down on* rainawa. Ba a raba su, ba a rage musu ko ɗaya.

Mataki na 7: Kada ta faɗi a tambaya ko a juyayyar jimla

Idan karɓau ya koma farkon jimla, 'yar rakiya kan tsaya a ƙarshe ita kaɗai, kuma a nan ake yawan manta ta. *Who are you waiting for?* *What does it depend on?* *This is the house I told you about.* *The orphans were well looked after.* Wasu malamai na hana rufe jimla da ita, amma masu harshen haka suke magana kullum. *For whom are you waiting?* daidai ne, sai dai ya fi kama da takardar kotu fiye da hirar bakin titi.

Mataki na 8: Yadda ake tambayar ƙamus

Ƙamus na Hausa da Turanci ma'ana zai ba ka, ba ƙira ba. Don wannan aiki nemi ƙamus na masu koyo irin *Oxford Advanced Learner's Dictionary*, wanda ake samu a takarda da intanet. Kada ka tsaya a ma'anar farko. Nemi ƙirar da aka rubuta da baƙi mai kauri, inda *sb* ke nufin mutum, *sth* ke nufin abu, ka kwafe ta yadda take zuwa gidan farko na littafinka. Idan ka ga kibiya mai kai biyu tsakanin *sth* da ƙaramar kalmar, ana gaya maka jela ce, karɓau na iya zuwa gabanta ko bayanta.

Wani lokaci za ka tarar da ƙira biyu saboda Ingila da Amurka sun saɓa. Ba'amurke zai ce *write me*, Baturen Ingila *write to me*. A Amurka *protest the law*, a Ingila an fi cewa *protest against the law*. Cike fom *fill in* ne a Ingila, *fill out* ya fi yawa a Amurka. Mai shirin WAEC, NECO ko JAMB ya riƙi na Ingila, shi ne makarantunmu suka gada.

Mataki na 9: Tace rubutunka

Bayan ka gama wasiƙa ko insha'i, yi karatu guda na musamman wanda ba ka duba komai sai wannan. Ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, zagaye ƙaramar kalmar da ta biyo shi, ka yi tambaya uku: ana bukatarta, ita ce daidai da abin da nake nufi, aikatau na bayanta ya ɗauki *-ing*? Sannan dubi aikatau da ba su da kowa a baya, ko akwai wanda aka bari ba rakiya.

Gwada da wannan saƙo, irin wanda ake turawa shugaba a ofis: *Sir, I am writing to request for permission to travel. I discussed about it with my supervisor and he agreed with my plan to leave on Friday. I apologise you for not replying your message and look forward to hear from you.* Kurakurai biyar ne a ciki. Cire *for* bayan *request*, cire *about* bayan *discussed*, sa *to* bayan *apologise*, sa *to* bayan *replying*, mayar da *hear* ya zama *hearing*. Saura *agreed with my plan*, wanda ba kuskure ba ne, sai dai yana cewa *supervisor* ɗin ya ga shirin ya yi kyau. Idan izini ya bayar, kuma shi ake son mai karanta saƙon ya gane, *agreed to* za a rubuta.